Malami mai mata da yara: ta ina zai shiga makarantar ƙasa da ƙasa a karon farko?

Baban_Iman: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga tambaya ga waɗanda suka san harkar. Malami ne mai digirin lissafi da PGDE (difilomar koyarwa ta bayan digiri) da rajistar TRCN (hukumar rajistar malamai ta Najeriya), shekara shida yana koyar da sakandare a Najeriya, manhajar WAEC da NECO zalla. Matarsa ba malama ba ce, yara uku, masu shekara 9 da 6 da 2. Yana son aiki a makarantar ƙasa da ƙasa a waje, kuma ba ya son barin iyali a gida. Abu ne mai yiwuwa, ko ɓata lokaci ne? In mai yiwuwa ne, ta ina ake farawa?

Malama_Bilki: Wa alaikumus salam Malam. Mai yiwuwa ne, amma sai ka fahimci yadda makaranta ke lissafinta kafin ka aika takarda ko ɗaya. Ita ba albashinka kaɗai take kallo ba. In ta ɗauki malami shi kaɗai, gida mai ɗaki ɗaya ne, tikitin jirgi ɗaya, inshorar lafiya ɗaya, biza ɗaya. In ta ɗauki wannan malamin da ka siffanta, gida mai ɗaki uku ne, tikiti biyar duk shekara, inshora biyar, biza biyar, sannan kujeru biyu a aji waɗanda da wani ya zauna a kansu da kuɗi zai biya, ta uku kuma tana nan tafe. A ce, a misali kawai, kuɗin makarantar dala 12,000 ne a shekara, to kujeru biyu sun cinye 24,000 tun ba a zo kan albashi ba. Shi ya sa a makarantu da dama ƙa'idar da ake bi ita ce malami ɗaya, mutum ɗaya a ƙarƙashinsa, in an sassauta biyu. Mai mutum huɗu a bayansa sai ya zo da abin da makarantar ta rasa a wajen wasu.

Injiniya_Sule: Kuma an yi sa'a fannin nasa yana cikin waɗanda ake rasawa. Lissafi da fiziks da kemistiri na manyan azuzuwa su ne ke wahalar da shugabannin makarantu. Da malamin firamare ne ko na Turanci, da na ce a haƙura tukuna.

Dan_Sabongari: Ni ban ga hanya kai tsaye ba, gaskiya. Shekara shida ta WAEC ba ta da nauyi a idon mai ɗauka, domin abin da zai tambaya shi ne: ka taɓa kai ɗalibai jarrabawar ƙasa da ƙasa ta sakandare, wato IGCSE ko A Level ko IB, kuma me suka ci? Shawarata a fara a gida. A nemi makaranta a Abuja ko Legas ko Fatakwal mai koyar da manhajar Cambridge, a yi shekara biyu cur ana koyar da 0580, wato lissafin IGCSE, in an samu dama har da 9709 na A Level. A riƙa ajiye sakamakon ɗalibai kowace shekara, aji nawa, mutum nawa, kashi nawa suka ci A* zuwa C. Wannan layi ɗaya a CV ya fi shafi guda na yabon kai. Kuma a duba ko makarantar tana da shaidar CIS, hukumar da ke tantance makarantun ƙasa da ƙasa, ko tana cikin COBIS, ƙungiyar makarantun Birtaniya na ƙasashen waje, domin sunan "International" a jikin allo kowa na iya rubutawa.

Malama_Bilki: @Dan_Sabongari na yarda, sai dai a san cewa a gida za a ɗauke shi ne a matsayin ɗan ƙasa. Ma'aikacin da aka ɗauko daga waje da wanda aka ɗauka a cikin gari kwantiraginsu daban ne ko da aji ɗaya suke koyarwa. Na cikin gari yawanci ba gida, ba tikiti, kuɗin makarantar yara ma sau da yawa ragi ne kawai. Wannan tarkon yana nan a waje ma. Kada wanda ya je Dubai ko Alƙahira da bizar ziyara ya nemi aiki a can, za a iya rubuta masa kwantiragin cikin gari, ya rasa duk abin da ya sa mai iyali ke son aikin tun farko.

Ustaz_Kabiru_Edu: Maganar lasisi ba a taɓa ta ba, kuma a nan takardun mutanenmu da yawa ke faɗuwa tun a tacewar farko. Rajistar TRCN lasisi ce ta gaskiya, a sa ta a saman CV tare da lamba, a kuma karɓi wasiƙar da hukumar ke bayarwa ta shaidar cewa malami yana da kyakkyawan matsayi. Amma makarantun manhajar Birtaniya sun fi natsuwa da QTS, wato shaidar cancantar koyarwa ta Ingila, na Amurka kuma da lasisin wata jiha. A Fabrairun 2023 gwamnatin Birtaniya ta buɗe wa malaman Najeriya da Ghana da wasu ƙasashe ƙofar neman QTS ta intanet, a fannin lissafi da kimiyya da harsuna. An sauya sharuɗɗan daga baya, don haka a karanta shafin gwamnatin da kai kafin a kashe ko sisi. Akwai kuma iQTS, wato QTS na ƙasa da ƙasa, wanda ake yi ana kan aiki a makarantar da mutum yake, a ƙarƙashin wata cibiyar horar da malamai ta Ingila, cikin shekarar karatu ɗaya. A ɓangaren Amurka akwai shirin wata tara na Moreland University, wanda ke kai mutum ga lasisin birnin Washington bayan ya ci jarrabawar Praxis. Duka biyun da kuɗin waje ake biya kuma ba araha. NCE ita kaɗai ba ta wadatarwa, dole digiri. Wani abin lura kuma, wasu ƙasashen Larabawa suna son digirin ya dace da darasin da za a koyar. Mai digirin tattalin arziki da ke koyar da lissafi zai iya samun aikin, ma'aikatar ilimi ta ƙi amincewa da shi.

Hajiya_Mairo_Accra: Lokaci ma a kula da shi. Yawancin makarantun nan a watan Agusta suke buɗewa, amma ɗaukar malamai tun Oktoba ake farawa, ya yi zafi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kenan CV da wasiƙa da masu ba da shaida su kammala a Satumba. Wuraren dubawa: TES, Search Associates, ISS, Schrole, Teacher Horizons, TIE, da shafin kowace makaranta. Wasu kyauta ne, wasu da kuɗin rajista. Search Associates sai sun karɓi shaidar sirri daga shugabanninka kafin su buɗe maka. Shaida uku ake so, ɗaya dole shugaban makarantar da kake yanzu, kuma da imel na makaranta, ba Gmail ko Yahoo ba. Wannan kaɗai yana tsayar da takardu makonni, saboda makarantunmu da yawa ba su da adireshin imel na hukuma. A je a zauna da shugaban tun da wuri a warware.

Baban_Iman: Allah ya saka da alheri. To a CV, a rubuta yawan iyalin ne, ko a bari sai an ga suna so sannan a faɗa?

Hajiya_Mairo_Accra: A rubuta, ɗana. Layi ɗaya ya isa: mai aure, mata ba ta koyarwa, yara uku da shekarar haihuwar kowanne. Hukumomin da na lissafa ma suna da gurbin a fom ɗinsu. In aka ɓoye har aka kai intabiyu na uku, makarantar da ba ta da kasafin za ta janye, an yi asarar wata guda, an kuma bar tabo.

Abu_Hanif_Riyadh: Tunda ana maganar ƙasashe, bari a zo da alƙaluma, don ƙasashen Larabawa ne suka fi jan hankalin mutanenmu. A Saudiyya akwai harajin iyali a kan baƙi, riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarka. Mata da yara uku riyal 1,600 kenan a wata, 19,200 a shekara. Ka tambaya a rubuce wa zai biya, kai ko makaranta, domin a bisa al'ada a kan ma'aikaci yake. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sharaɗin ɗauko iyali albashin dirhami 4,000 ne, ko 3,000 da gida, wanda yawancin malamai za su cika, matsalar can tsadar haya ce da kuɗin makaranta. Makarantu da yawa a Dubai kamfanoni ne masu neman riba, wasu yaro ɗaya suke ɗauka kyauta, wasu rabin kuɗi kawai. Kuɗin sallama kuma albashin kwana 21 ne a kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, amma a kan gundarin albashi ake lissafawa ban da alawus. Saboda haka in ka ga an raba albashi gida biyu an kumbura alawus, ka san inda aka dosa. Bizar 'yan Najeriya zuwa can an dakatar da ita a 2022, aka dawo da ita a Yulin 2024, don haka a tambayi makarantar kai tsaye ko ta yi wa ɗan Najeriya izinin aiki a baya-bayan nan.

Dan_Sabongari: Ga abin da ba a son faɗa: fasfo. Akwai makarantun da ke rubuta a tallar aiki cewa 'yan Birtaniya ko Amurka ko Kanada ko Ostareliya suke so, wasu ba sa rubutawa amma haka suke tacewa, wai iyaye ne ke so. A ƙasar Sin ma, ga mai koyar da Turanci, ƙasar da ya fito tana shiga cikin sharuɗɗan izinin aiki. Malamin lissafi ya fi samun sauƙi, amma kada a yaudari kai.

Malama_Bilki: Haka ne, kuma abin takaici ne. Amma akwai hanyar gane inda ba a ɓata lokaci. A buɗe shafin ma'aikatan makarantar a duba fuskoki da sunaye. In akwai malaman Kenya da Indiya da Filifin da Ghana suna koyar da manyan azuzuwa, ba mataimaka kawai ba, to ƙofar a buɗe take. CIS ma ta sa yaƙi da wariya cikin abin da take dubawa, kuma makarantun da ba na riba ba, waɗanda kwamitin iyaye ke gudanarwa, sun fi ɗaukar maganar da muhimmanci. Su ne kuma suka fi kyautata wa mai iyali.

Issoufou_Zinder: Ina ƙara wa 'yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi. Makarantun Faransa da ke ƙarƙashin AEFE, hukumar da ke kula da makarantunta a ƙasashen waje, manyan guraben nasu na malaman gwamnatin Faransa ne da ake turowa, saura kwantiragin cikin gari ne. Amma mai Faransanci da Turanci duka yana da kasuwa a makarantun IB, domin IB da Turanci da Faransanci da Sifaniyanci ake koyar da ita, kuma kusan kowace makarantar ƙasa da ƙasa a Afirka tana neman malamin Faransanci.

Injiniya_Sule: Mun yi nisa, mu dawo kan tambayar Baban Iman. In ni ne mai ba da shawara, Turai a cire ta a aikin farko. Izinin aiki ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba yana da wuya, gida kai za ka kama, haraji mai nauyi, a wasu ƙasashen ma karatun da aka ba yaranka kyauta ana lissafa shi cikin kuɗin shiga a cire masa haraji. Albashi ɗaya ba zai riƙe mutum biyar ba. Singafo da Hong Kong da manyan makarantun Bangkok kuwa masu shekara goma a IB ne ke gogayya a kansu. Inda mai iyali ke samun shiga shi ne inda masu nema suka yi ƙaranci: garuruwan Sin da ba Beijing ko Shanghai ba, Kazakistan da Uzbekistan, Kuwait, Oman, Bangaladash, da Afirka kanta. Kada a raina Afirka. Lincoln Community School a Accra, International School of Kenya a Nairobi, International Community School a Addis Ababa, International School of Tanganyika a Darussalam, duk manya ne, shiga cikinsu ma sai an dage. Ƙungiyar AISA ta makarantun ƙasa da ƙasa na Afirka tana da jerin mambobinta, daga nan za a ga ƙananan da ba a cika sani ba. A aika wa talatin ko arba'in, ba biyar ba.

Ummu_Sadiq: Ku yi haƙuri, kowa na maganar malam, ba wanda ya yi maganar matar da yaran. Matar da aka kai garin da ba ta jin harshensu, miji ya fita ƙarfe bakwai sai biyar na yamma, ga ɗan shekara biyu a hannu, ba dangi ba maƙwabta, ita ce za ta fara cewa a koma gida. Kwantiragin farko kuma shekara biyu ne, wanda ya karya shi zai iya biyan kuɗin tikiti da na biza, ya kuma rasa shaidar shugaba. Don haka a tambayi makaranta ta haɗa ku da wani malami mai iyali da ke can, matan su yi magana da juna. A tambayi nisan gida da makaranta, asibitin yara, inda ake samun naman halal, masallaci, ko bizar tata ta yarda ta yi aiki. Ɗan shekara biyun nan ba ya cikin karatun kyauta, yawanci daga shekara uku ko huɗu ake farawa, renonsa a kanku yake. Kuma "kyauta" ɗin ma a bincika: yunifom, motar makaranta, abincin rana, tafiye-tafiye, kwamfuta, kuɗin jarrabawa, sau da yawa ba sa ciki. Inshora kuma a duba ko ta haɗa da haihuwa, da watanni nawa ake jira kafin ta fara aiki.

Ustaz_Kabiru_Edu: Malama ta yi gaskiya. Ƙari a kan yara: ajin da za a sa su da ranar haihuwa ake yankewa, ba da ajin da suka baro ba. A tsarin Ingila 1 ga Satumba ce iyaka, kuma Year 2 ta Birtaniya ita ce Grade 1 ta Amurka, kada a ga lamba ta sauka a ɗauka an mayar da yaro baya. Yaron da aka yi wa tsallaken aji a gida za a iya mayar da shi cikin sa'o'insa. Akwai gwajin shiga ko ga ɗan malami, kuma in yaro yana da buƙata ta musamman a faɗa tun farko, don ba kowace makaranta ke da masu kula da hakan ba. Karatun allo da Hausa kuwa sai an tsara su a gida. A Daular Larabawa darasin addinin Musulunci wajibi ne ga ɗalibi Musulmi, a Sin ko Kazakistan sai dai malami ta waya.

Alhaji_Tanko_Takardu: Bari in yi maganar takardu, domin an sha samun aiki a rasa shi a nan. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Apostille, wadda ke sa hatimi ɗaya ya wadatar a tsakanin ƙasashen da ke cikinta, don haka doguwar hanya ake bi: takardun karatu su bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je. Takardar aure da na haihuwar yara su ma sai an buga musu hatimin Harkokin Waje da na jakadanci. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ake so, ba katin asibiti ba. Auren da aka ɗaura a masallaci ko ƙofar gida ba tare da takarda ba, a je a yi masa rajista tun yanzu, kada a bari sai an samu aiki. Babban abin da ke jawo matsala shi ne suna: Muhammad a digiri, Mohammed a fasfo, Muh'd a takardar haihuwar yaro. A daidaita, ko a yi takardar rantsuwa a kotu. Kowane yaro da fasfonsa, har jariri, kuma kada ya rage ƙasa da wata shida, gara ma ya zarce tsawon kwantiragin. Takardar shaidar hali ta 'yan sanda ta POSSAP, shafinsu na intanet, ake nema, amma kada a yi gaggawar karɓarta, tana tsufa cikin 'yan watanni, a jira sai makaranta ta ce a kawo. Katin rigakafin shawara na kowa ya kasance a hannu. Ɗan riƙo ba ya shiga bizar iyali sai da takardar kotu, ko da ita ma ba kowace ƙasa ke karɓa ba. Mai mata biyu kuma ya sani makaranta mace ɗaya za ta ɗauki nauyi, yawancin ƙasashe ma ɗaya suke ba biza.

Dan_Sabongari: Shi ya sa nake ganin malam ya tafi shi kaɗai zangon farko, iyali su biyo a Disamba.

Abu_Hanif_Riyadh: A ƙasashen Larabawa kusan dole ma hakan take, domin sai iƙamarka ta fito kake iya ɗauko kowa, a Dubai har da rajistar hayar gida ta Ejari. Wata ɗaya zuwa uku ne. Amma @Dan_Sabongari akwai haɗari in aka sa hannu a matsayin mutum ɗaya da niyyar a kawo su daga baya: an riga an ba ka gida mai ɗaki ɗaya, ba kujerar yara a kasafi, kuma ba wanda zai sauya kwantiragi a tsakiya. A rubuta sunayensu a ciki tun ranar farko ko da za su makara.

Ummu_Sadiq: Ni dai ban goyi bayan rabuwar da ta wuce ta dole ba. Yaran da suka shiga a Janairu sun tarar an riga an ƙulla abota, an yi nisa a karatu.

Malama_Bilki: Abu biyu kafin sa hannu. Na ɗaya, da wane kuɗi za a biya albashi? A Maris ɗin 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala cikin yini guda, mu ma mun ga abin da ya sami naira tun Yunin 2023. A nemi a rubuta albashin da dala, ko wani kaso nasa. Na biyu, makarantar gaskiya ba ta cewa ka tura kuɗin biza ga wani kamfanin tafiye-tafiye. Takardar ɗaukar aiki da ta zo ba intabiyu ta bidiyo, ba tambaya kan kare yara, ba tuntuɓar shugabanka, ta damfara ce. A ɗauki lambar da ke shafin makarantar a kira. Kuma a riƙe guzurin wata biyu, don albashin farko sai ƙarshen Agusta ko Satumba.

Baban_Iman: Na gode ƙwarai, iyaye da yayye. Abin da ya rage min: in matar ta yi PGDE a NTI, Cibiyar Malamai ta Ƙasa, cikin shekara biyun da malam zai yi yana koyar da Cambridge, lissafin zai sauya?

Hajiya_Mairo_Accra: Zai sauya sosai in tana da digiri kuma ta samu shekara biyu a aji bayan takardar. Malamai biyu da yara uku a gida ɗaya ya fi wa makaranta sauƙi nesa ba kusa ba. Wahalar ita ce sai an samu makarantar da ke da gurbi biyu da suka dace da ku a shekara ɗaya, shi ya sa firamare ko renon yara ya fi mata, guraben sun fi yawa. Wasu ƙasashen kuma ba sa amincewa da takardar da aka yi ta karatu daga nesa, a bincika wannan kafin ta zaɓi inda za ta yi.

Injiniya_Sule: In kuma ba ta da sha'awar koyarwa kada a tilasta mata, aji ba ya ɓoye wanda ba ya so. Ni har yanzu ina ganin ya fara gwada aikawa tun wannan Oktoban, ya kuma sa ido musamman kan guraben da ke fitowa a Afrilu da Mayu lokacin da makarantu suka matsu. Ba abin da zai hana shi neman ta Abujan a lokaci guda.

Dan_Sabongari: Guraben Mayu a bincike su da kyau, Injiniya. Wani gurbin sabon aji ne aka buɗe, wani kuwa malami ne ya gudu. A tambayi shekara nawa wanda ya bar kujerar ya yi, da malamai nawa suka tafi bara.